Maki -10 a kwamfuta, ashe ƙwayar maleriyar ta riga ta canja

Wallahi har yau abin yana cin raina. Furojet ɗina a nan Samaru a kan DHFR ne, furotin ɗin ƙwayar maleriya da pyrimethamine ke toshewa, wato ɗaya daga cikin magungunan biyu da ke cikin Fansidar ɗin da ake ba mata wajen awon ciki. Na zana sinadaraina na zuba su a AutoDock Vina, manhajar da ke gwada yadda sinadari zai kama furotin a kwamfuta ta ba shi maki, ɗaya ya ba ni wajen -10 kcal/mol (iya nisan makin ƙasa da sifili iya ƙarfin kamun), ya kama Asp54, amino asid na 54 a jikin furotin ɗin, daram, har na fara lissafin kuɗin kayan haɗa shi a lab.

Malam ya duba kawai ya ce, "Wane DHFR ɗin, na da ko na yanzu?" Ni fayil mai lamba 1J3I na sauko da shi daga PDB, rumbun siffofin furotin na intanet, na asali ke nan wanda bai canja ba, alhali ƙwayoyin da ke yawo a ƙasar nan yawancinsu sun canja a wuri uku na furotin ɗin, amino asid na 51 da 59 da 108. Na ce Malam bari in gwada. Da na saka shi a 1J3K, fayil ɗin DHFR mai canji huɗu, sai sinadarin nan ya kasa zama, zobensa sandararre ne irin na pyrimethamine, yana zuwa 108 inda serine ta koma asparagine sai su yi karo, ba wuri. Amino asid ɗaya tak fa! Kuma amsar tana cikin fayil ɗin tun 2003, sinadarin WR99210 da ke cikin ramin furotin ɗin yana da jela mai lanƙwasuwa shi ya sa yake kaucewa, a kan wannan dabarar masu bincike a Tailan suka gina P218, wani sinadarin gwaji na maganin maleriya.

Don Allah ƴan uwa masu wannan aiki ku daina rawar kai da maki. Bambancin 1.4 kcal/mol ninki goma ne a ƙarfin kamu, shi kuma Vina kuskurensa yana kusan kai 3, to meye -10 ya fi -9 da shi? Ku fara mayar da sinadarin da ya zo a fayil ɗin cikin raminsa ku ga ko RMSD, wato tazarar inda manhajar ta ajiye shi da ainihin mazauninsa, ya sauka ƙasa da angstrom 2, sannan ku tambaya wane irin furotin ne a jinin majinyatan Sabon Gari da Tudun Wada yau.

Alhamdulillahi ban kai ga biyan kuɗin kayan ba. Yanzu jelar sinadarina nake tsawaitawa da kabon uku, kuma 1J3K nake fara ba kowane sabon zane, 108 ɗin nan ba zai sake shammata ta ba.