Yadda na bi ruwa a tsohuwar ƙaramar hukumar Pohja

Duk mai neman Pohja a jerin ƙananan hukumomin Finland na yau ba zai same ta ba. Tun farkon 2009 aka haɗe ta da Karjaa da Tammisaari, aka kafa birnin Raasepori. Jirgin ƙasa na hau daga Helsinki zuwa Karjaa, tafiyar kamar awa ɗaya, daga nan na kama keke.

Tambayar da ta kai ni ita ce: me ya kawo masana'antun ƙarfe cikin wannan daji tun ƙarni na 17? An kafa ta ƙauyen Billnäs a 1641; ta ƙauyen Fiskars kuma wani ɗan kasuwa ɗan asalin Holan, Peter Thorwöste, ya kafa ta a 1649. Abin mamakin, dutsen ƙarfen da suke narkawa galibi daga Sweden ake kawo shi, daga mahaƙar tsibirin Utö, don lokacin Finland na ƙarƙashin sarautar Sweden.

Sai da na bar babban titi na bi gaɓar ruwa sannan na gane. Wani dogon siririn reshen teku ya kutso har gindin garin Pohja, ta nan jiragen ruwa ke shigo da dutsen. Koguna masu gangara, irin su Mustionjoki da ya ratsa Billnäs, su ke juya zuga-zugai da manyan gudumomi. Daji kuma ya ba da gawayi. Maƙeri ya san zancen: kafin ƙarfe ya yi laushi, gawayi mai yawa ya ƙone, saboda haka ya fi sauƙi a kai dutsen inda itace yake.

Fiskars ta fi riƙe ni. Johan Jacob Julin, mai sayar da magani, ya saye ta a 1822 ya karkata ga wuƙaƙe da kayan noma. Shahararren almakashin Fiskars mai mariƙi ruwan lemo ya fito a 1967. Da aikin ya koma Billnäs a shekarun 1980, ƙauyen ya yi tsit, sai masassaƙa da magina tukwane da maƙera suka tare a tsoffin gine-ginen. Kayansu na da kyau, amma tsada ba a magana.

Shawarata ga mai zuwa: ya je da rani, lokacin da shagunan ke buɗe kuma rana ba ta faɗuwa da wuri, ya kuma duba lokutan bas tun daga Karjaa, don ba ta yawan zuwa.