Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ciki Ba Don Tuwo Kaɗai Aka Yi Shi Ba

Makon jiya na tsaya a inda zazzaɓi ya kwantar da ni a ɗakin samarin gidan Kawu a Agege. Shekarar 2016 ce, wadda aka rufe kasuwar Mile 12 ta Legas saboda rikici, kwandunan tumatirinmu suka ruɓe a mota. Ran Kawu a ɓace yake, kuma duk lokacin da na ce cikina, amsarsa ɗaya ce: "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ɗan nan. Namiji yakan haɗiye." Sai na haɗiye.

Sati biyu mai kemis ɗin layinmu yana ɗirka mini maganin maleriya. Ba wanda ya kalli ruwan garuwar da muke sha, alhali ta nan taifot ke shiga, ta ruwa da abincin da najasa ta taɓa. Cikin sati na uku, da asuba, na ji kamar an soka mini wuƙa a ƙasan cibiya, gefen dama. Kafin azahar cikin ya yi tauri kamar allo.

Inna, matar Kawu, ita ta tsayar da Keke Napep. Ba shi ba. Na daɗe ina son in rubuta wannan.

A asibiti aka ɗauki hoto, likita ya nuna iska ta taru a ƙasan haƙarƙarina. Ya ce cutar ta cinye ƙarshen ƙaramin hanji har ta huda shi, ƙazanta na zuba a cikin ciki, in aka kwana ba a buɗe ba sai dai wani ikon Allah. Inna ta cire 'yan kunnenta na aure ta ba Yaya ya kai wa masu gwal. Bara da na saya mata wasu, ta ce ba su kai na da nauyi ba, kuma gaskiyarta. 'Yan layin tattasai biyu suka ba da jini.

Na farka da roba a hanci, roba a gefen ciki, ga ta fitsari. Ƙishirwa ita ce azabar da ban manta ba. Ko ɗigo an hana ni, sai dai Inna ta jiƙa auduga ta shafa mini a leɓe, in yi ta tsotsa a ɓoye. Kullum da safe wata nas Bayarabiya mai jin Hausa sama-sama za ta tsaya a kaina: "Malam, ka yi tusa?" Kunya kamar in nutse, ga Inna a zaune. Ashe ita ce shaidar hanji ya farka. Rana ta huɗu da ta fito, wallahi Inna hamdala ta yi da ƙarfi, mai gadon kusa da ni yana dariya yana riƙe da nasa ɗinkin. Shi bai fita da ƙafarsa ba, Allah ya jiƙansa.

Ɗinkin nawa ya yi ruwa, aka warware zare uku, kullum ana wankewa ina cizon filo.

Kawu bai zo ba sai rana ta shida, da lemo a leda wanda ba a yarda in sha ba. Ya ɗaga zanen, ya ga tsagar daga saman cibiya har mara, ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ai da ka faɗa, ɗan nan."

Na ce, "Kawu, ai kai ka ce in haɗiye."

Inna ta taka mini yatsa ta ƙasan bargo. Zancen kuɗin asibiti da yadda aka cire shi daga ladana, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.