Tef ɗin awo mai launi uku

Wata uku na yi ina aikin jinya a wani sansanin 'yan gudun hijira a gabashin Chadi, kusa da Adre, inda mutanen Darfur suka yi ta kwararowa bayan ɓarkewar yaƙin Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023. Mafi ƙanƙanta a cikin kayan aikina shi ne wani siririn tef mai launi uku, kore da ruwan ɗorawa da ja. Ana naɗa shi a damtsen yaro. In awon ya gaza santimita 11.5 ya shiga ja ke nan, tamowa ta yi tsanani.

Ba na manta wata uwa da ta damƙe mini hannu lokacin da tef ya tsaya a kan ja. Larabcina bai taka kara ya karya ba, sai kawai na ce mata, "Yi haƙuri, 'yar'uwa, akwai magani." Na yaga bakin ledar Plumpy'Nut, wato markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madara da sukari mai nauyin giram 92, na miƙa mata. Yaron ya lasa, ya tsaya, ya sake lasa. Duk mako tana dawowa ana ƙara mata, har ranar da tef ya bar ja. Ranar ta yi guɗa a bakin tanti.

Kuɗin irin wannan abinci galibi daga baitulmalin gwamnatoci yake fitowa. Shi ya sa labarin kasafin kuɗin ƙasashen nesa yake hana ni barci. Birtaniya ta rage tallafinta na ƙetare daga kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5 a 2021, sannan a Fabrairun 2025 ta ce zai koma 0.3 nan da 2027 don ta ƙara wa tsaro. A Yulin 2025 kuma Amurka ta rufe USAID, hukumarta mai raba tallafi a ƙasashen waje, wadda aka kafa tun 1961.

Na san ba don Allah kaɗai gwamnatoci ke bayarwa ba, akwai siyasa da neman suna a ciki. Wannan bai dame ni ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yanke tallafi kwatsam, domin maganin tamowa makonni yake ɗauka, kuma yaron da aka katse wa a tsakiya baya yake komawa.

Wata abokiyar aikina tana can har yanzu. In na kira ta, kafin mu gama gaisawa sai ta faɗa mini kwali nawa ya rage a sito.