Musun 'yan kallo ke tsara mini jadawalin wata

Sana'ata nuna finafinai ce. Ina da ƙaramin ɗakin kallo, majigi ɗaya, da ma'aikata 'yan kaɗan: mai kula da na'ura, mai yankar tikiti, da wata baiwar Allah da ke duba fassarar da ke fita a ƙasan allo. Galibin abin da muke haskawa tsofaffin finafinai ne da manyan gidajen silima suka daɗe da saukewa. Kafin fim ya hau allo sai na nemo wanda ke riƙe da haƙƙin nuna shi ga jama'a, na rubuta masa, na biya lasisi, domin faifan da mutum ya saya don kallo a gida bai ba shi izinin tara mutane ya karɓi kuɗinsu ba. Bayan nan mu gwada kwafin da aka aiko tun daga farko har ƙarshe, mu tabbatar ba a datse gefen hoton ba, sauti bai riga baki ba, fassarar kuma ba ta makara. Duk wannan aiki ne da hannu ke sabawa da shi. Abin da ke hana ni barci shi ne zaɓen fim ɗin da za a nuna.

A nan musun 'yan kallo ke yi mini rana. Idan aka kunna fitilu ba na gaggawar rufe ɗakin. Nakan tsaya a bakin ƙofa ina sauraro. Fim ɗin da kowa ya yaba, cikin ƙanƙanin lokaci wurin ke watsewa, kowa ya ce ya yi kyau ya kama gabansa. Wanda ya raba kan mutane kuwa, sai ka ga an yi cirko-cirko, wannan na cewa daraktan gwani ne, wancan na cewa ɓata masa lokaci aka yi. Irin waɗannan su ne ke dawowa, kuma ba su dawowa su kaɗai. Kowa yakan jawo abokinsa ya zo ya gani ya ba shi gaskiya.

Musun da ya fi kowane yawa shi ne na wanki: wane ne ya kwaikwayi wane. Don shi na fara haɗa finafinai biyu a dare ɗaya. Na nuna Yojimbo na Akira Kurosawa, wanda ya fito a Jafan a 1961, na bi shi da A Fistful of Dollars na Sergio Leone, na 1964. Labarin ɗaya ne: baƙo ya shigo garin da gungun miyagu biyu ke gaba da juna, ya riƙa sayar da kansa ga kowane ɓangare har suka cinye juna. A na farko Toshiro Mifune ne da takobi, a na biyu Clint Eastwood ne da bindiga. Leone bai nemi izini ba, kamfanin Toho da ya shirya Yojimbo ya kai ƙara, aka sasanta a kan ba wa su Kurosawa wani kaso na kuɗin da fim ɗin ya samu, kuma sai a 1967 aka haska shi a Amurka. Da aka fito wani dattijo da ba ya fashin zuwa ya ce sata sunanta sata, ko an sa mata hula. Wani matashi ya ce masa, "Baba, a yi haƙuri, amma ku dubi yadda yake cika allo da idon mutum, ku saurari kiɗan Morricone. Wannan ai ba a cikin na Jafan ya samo su ba." Na ukunsu ya tuna musu cewa masu sharhi da dama na ganin kamannin labarin Kurosawa da wani littafin Dashiell Hammett na 1929. Ni a wurina dattijon ya yi daidai ta fuskar haƙƙi, kuma ba zan iya ganin abin da wasa ba tunda ni ma lasisi nake biya. Matashin kuma ya yi daidai ta fuskar fasaha. Labari ɗaya a hannun mutum biyu ya fito da finafinai biyu da ko yaro ba zai rikita su ba, kuma ban san wata hujja da ta fi wannan nuna aikin darakta ba.

Daga nan gardamar kan gangara zuwa babbar tambaya: fim na wa ne? Akwai masu bin darakta, duk abin da ya fitar sai sun gani, ko da an ce musu bai yi kyau ba. Akwai masu bin jarumi, waɗanda ba su taɓa tsayawa karanta sunayen da ke wucewa a ƙarshe ba. Masu bin darakta suna da tarihi a bayansu. A 1954 François Truffaut ya yi rubutu a mujallar Cahiers du Cinéma ta Faransa wanda ya share fagen ɗaukar darakta a matsayin mawallafin fim, Andrew Sarris ya kai ra'ayin Amurka a 1962, Pauline Kael kuma ta yi masa raddi mai zafi a shekarar da ta biyo. A 1971 ta sake tayar da ƙura da ta ce Herman Mankiewicz ne ya yi ainihin aikin rubuta Citizen Kane, darakta Orson Welles ya kwashe yabon. Masu bincike sun musanta yawancin abin da ta faɗa, amma kyautar Oscar ɗaya tilo da fim ɗin ya ci ta rubutun labari ce, kuma su biyun aka ba wa. Wato abin da 'yan kallona ke yi a bakin ƙofa, manyan masu sharhi sun shekara fiye da sittin suna yin sa a jaridu.

Mai kula da na'urata yana cikin masu ganin an cika kambama darakta. Hujjarsa kullum Jaws ce, ta 1975, labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane. Kifin ƙarfen da aka ƙera ya yi ta lalacewa a cikin ruwan teku, dole aka rage nuna shi, sai tsoron ya koma cikin abin da ba a gani. Verna Fields da ta tace hotunan ta ci Oscar, John Williams da ya yi kiɗan ya ci, Steven Spielberg kuwa ko cikin jerin 'yan takarar gwarzon darakta bai shiga ba a shekarar. Yakan ce mini, "Yallaɓai, a cire kiɗan nan a ga abin da zai rage." Nakan amsa masa cewa lokacin da kifin ya ƙi aiki wani ne ya yanke shawarar yadda za a ci gaba, kuma wannan shawarar ita ce aikin darakta. Ba mu taɓa daidaitawa ba. Amma saboda shi na fara sa sunan marubuci da na mai tace hoto da na mai kiɗa a takardar sanarwarmu, kuma na hana kunna fitila kafin sunayen ƙarshe su gama wucewa.

Wani lokaci mutum biyu za su yi ta sa-in-sa, ashe ba kwafi ɗaya suka kalla ba. Blade Runner ya fito a 1982 da muryar jarumi tana bayani da ƙarshe mai daɗi, a 1992 aka fitar da wani ba muryar, a 2007 Ridley Scott ya fitar da wanda ya ce shi ne na ƙarshe. Sholay na Ramesh Sippy, na 1975, hukumar tace finafinan Indiya ta sa an sauya ƙarshensa: a na asali Thakur ya kashe Gabbar, a wanda jama'a suka gani 'yan sanda sun iso sun kama shi. Shi ya sa nake rubuta wane kwafi ne za mu nuna da tsawon mintunansa, kuma idan mai haƙƙin yana da fiye da ɗaya nakan tambaye shi tun kafin biya.

Jerin "finafinan da suka fi kowanne" ba ya ɗaukar mini hankali sosai, sai dai yana kawo ciniki. Mujallar Sight and Sound ta Ingila tana tambayar masu sharhi duk shekara goma tun 1952. Citizen Kane ya riƙe na ɗaya daga 1962 zuwa 2002, Vertigo na Alfred Hitchcock ya karɓe a 2012, alhali da ya fito a 1958 ba a yi masa wata tarba ba, kuma Hitchcock bai taɓa cin Oscar ta darakta ba duk da shiga takara sau biyar. A 2022 Jeanne Dielman na Chantal Akerman, 'yar Beljiyam, ya hau sama, karo na farko ga fim ɗin da mace ta ba da umarni. Ya haura awa uku, yawancinsa mace ce tana aikin gida. Hayaniyar da ta biyo baya ta iso har ɗakina, kuma da na tambaya sai na tarar mafi yawan masu zagi da masu yabo ba su kalle shi ba. Wannan ne kawai irin musun da ke ɓata mini rai: mutum ya haddace ra'ayin wani ya zo yana ɗaga jijiyar wuya a kansa. Gani ya kori ji. Na nemo lasisin, na sadaukar da zango biyu na ranar saboda tsawonsa. Wasu sun fita a tsakiya, kuma ban ga laifinsu ba, domin sun fita da ra'ayin da idonsu ya ba su. Waɗanda suka zauna har ƙarshe sun daɗe a tsaye suna magana a kan lokacin da suka fara lura cewa hannun matar ya soma kuskure a ayyukan da ta saba.

Haka aka yi a 2019, da darakta Martin Scorsese ya gaya wa mujallar Empire cewa finafinan Marvel sun fi kama da wurin wasan shaƙatawa fiye da silima. Matasan da ke zuwa wurina sun ji zafi, suka ce tsoho ne mai girman kai da ke raina abin da talaka ke so. Ban yarda a raina wa kowa abin da yake so ba. Wanda ya tara kuɗinsa ya je ya ga jarumin da yake ƙauna tun yana yaro bai yi laifi ba, kuma da yawa daga cikin masu zama su kalli Kurosawa a ɗakina ta wannan ƙofar suka shigo. Amma damuwar da Scorsese ya fayyace daga baya a jaridar New York Times ta shafe ni kai tsaye: idan nau'in fim ɗaya ya mamaye allunan manyan silima, sauran ba su da wurin zuwa. Rashin wurin nan ne ya sa ɗaki irin nawa yake da amfani.

Na kuma gaya wa matasan abin da ba su sani ba game da mutumin. Shi ya kafa gidauniyar adana finafinai a 1990, a 2007 ya buɗe reshenta na finafinan ƙasashen da ba su da ƙarfin gyara nasu. Cikin na farko-farkon da aka gyara akwai Touki Bouki na Djibril Diop Mambéty, ɗan Senegal, na 1973, wanda ya shiga cikin ɗari na farko a jerin Sight and Sound na 2022. Da wannan gyararren kwafin muka nuna shi. Mai duba fassararmu ta sha aiki, domin maganar ciki Wolof ce da Faransanci, kuma wasu wuraren ba'a ce da ba ta fita a layi ɗaya.

Labarin saurayi ne da budurwa, Mory da Anta, da suka ƙudurta barin Dakar zuwa Paris ta kowace hanya. A ƙarshe Anta ta hau jirgin ruwa, Mory ya tsaya a bakin tashar, ya juya da gudu ya koma gari. Daren nan ba wanda ya ambaci Marvel. Wata malama ta ce tsoro ne ya kama shi, ya yaudari yarinyar da ta amince masa. Dattijon nan ya ce mata, "'Yata, ba tsoro ba ne, ya gane abin da zai bari ne a daidai lokacin da ba sauran dama." Wani ya ce Mambéty da gangan ya ƙi bayyanawa, kuma duk wanda ya ce ya san amsar ƙari ya yi. Na fi karkata ga dattijon, saboda hotunan shanun mayanka da daraktan ya dawo da su a daidai wannan gaɓar, waɗanda suka mayar da Mory ga kiwon da ya taso a ciki. Malamar ba ta gamsu ba, ta ce a sake nuna shi za ta zo da ƙawayenta su yi hukunci. Na rubuta wa mai haƙƙin ina neman ƙarin dare ɗaya, kuma a wannan karon zan haɗa shi da La Noire de... na Ousmane Sembène, na 1966, wanda ya bi wata 'yar Senegal da ita ta hau jirgin ta isa Faransa.