Mako na bakwai: daga Excel zuwa rumbun bayanai

'Yan'uwana masu koyo, yau mako bakwai ke nan da na fara gina tsarin lura da haja da ciniki a kwamfuta, kuma sai a wannan makon na gane cewa matsalar da ta hana ni sakat tana cikin yadda na tsara bayanan tun farko.

Da na fara, na zuba komai a shafi ɗaya na Excel, manhajar lissafi mai layuka da gurabe: ranar ciniki, sunan mai saye, sunan kaya da adadinsu. Bayan layukan sun haura ɗari biyar, na nemi jimillar bashin da ake bin wani mai saye ta hanyar SUMIF, umarnin Excel da ke tara adadin layukan da suka dace da sharaɗin da aka ba shi, sai lissafin ya gaza abin da ke rubuce a rasit. Na shafe yini biyu ina bin layi bayan layi kafin na gano cewa iri uku na rubuta sunansa: wani wuri cikakke, wani wuri a taƙaice, wani wuri kuma na bar tazara a ƙarshen sunan, wadda ido ba ya gani amma kwamfuta tana ƙirga ta. Haka kuma lambar kaya 00417 ta koma 417, domin Excel yana share sifilin farko idan ba a sanar da shi cewa abin da ke gurbin rubutu ne ba.

Maganin wannan ya daɗe a duniya. A 1970 Edgar Codd, masanin da ke aiki a kamfanin IBM, ya gabatar da tsarin ajiye bayanai a jadawaloli masu alaƙa da juna, kuma a kan wannan tunani aka gina SQL, harshen da ake neman bayanai da sarrafa su da shi a rumbun bayanai. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne a rubuta kowane bayani sau ɗaya a wuri ɗaya, sauran wurare su riƙa nuni gare shi da lamba. Don haka na buɗe LibreOffice Base, manhajar gina rumbun bayanai, na raba shafin nan gida uku: jadawalin kaya, na masu saye, da na ciniki. Kowane mai saye yana da lambar da ba ya tarayya da kowa a kanta, kuma lambar ce kawai ke shiga jadawalin ciniki, ta yadda idan na gyara suna a wuri guda ya gyaru ko'ina.

Abin da ya fi faranta mini rai shi ne na daina rubuta ragowar kaya da hannu. Yanzu ina shigar da abin da ya shigo sito da abin da ya fita, kwamfuta ta debe wannan daga wancan. Daga nan na ƙara lissafin lokacin sake oda: idan ana sayar da guda 12 a rana, mai kawo kaya kuma yana ɗaukar kwana 5, sannan ina son ajiyar ko-ta-kwana ta guda 20, to da zarar ragowar ta sauko 80 tsarin zai nuna mini. A ganina nan ne kwamfuta ta fara taya mai kasuwanci yanke shawara, bayan aikin adana tarihi.

Ban raina Excel ba, domin tun fitowar VisiCalc, wadda ta riga Excel, a 1979 irin waɗannan manhajoji ke sauƙaƙa wa 'yan kasuwa gwada lissafi, kuma har yanzu Excel nake kai rahoton wata don zana jadawalin hoto.

JOIN, umarnin SQL da ke haɗa bayanan jadawaloli biyu, na ba ni wahala har yanzu, musamman idan ina son ganin kayan da ba a sayar da ko ɗaya ba, wanda ke buƙatar LEFT JOIN, nau'in da ke nuna har layukan da ba su da abokin haɗi a ɗayan jadawalin. Shi zan sa a gaba mako mai zuwa, tare da ajiye kwafi uku na bayanan, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam da inda kwamfutar take.