Sabuwa ta fito, tawa kuma ba ta mutu ba

Sati biyu kenan ina kokawa da zuciyata kan maganar canza waya. Kamfanin da ya yi tawa ya fito da sabon samfuri, tun daga ranar duk inda na leƙa sai na ci karo da ita, ana buɗe kwali a bidiyo ana ɓare ledar fuskar nan a hankali kamar za ta ji ciwo, ni kuma in na kalli tawa mai ɗan tsagewa a gefe sai in ga ta koma min wata tsohuwa tukuf, alhali shekaranjiya lafiya lau muke da ita.

Sai na zauna na ce wai tsakani da Allah me wayar nan ta min ne? Da na duba abu biyu ne kacal. Caji ba ya kai ni yamma, sannan memori ya cika taf, in zan ɗau hoto ɗaya sai na goge biyu.

To shi batir dama tsufa yake, ba wai wayar ce ta lalace ba. Apple da kansu sun ce batirin iPhone 14 da na ƙasa da ita an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, daga iPhone 15 kuma suka ce 1000. Wanda yake cinye cajinsa kullum, ka ga ko shekara ɗaya da rabi ba zai yi ba ya kai 500 ɗin nan. Kenan abin da ke ƙona min rai ɗan batir ne da za a iya cirewa a sa wani, ni kuwa har na fara lissafin waya sukutum.

Kyamarar ce ta fi jan hankalina gaskiya. Amma lambobin nan akwai ruɗi a ciki, Galaxy S23 Ultra ta zo a 2023 da megafiksel 200, kuma in ba kai ka shiga ka canza ba hoton da take ba ka na megafiksel 12 ne, tana haɗe ƙananan ɗigogin ne don haske ya fi fita. Ni da hotunana duk a WhatsApp suke ƙarewa, shi kuma ya matse su son ransa, wa zai gane bambanci? Sauri ma haka, iPhone 14 da ta fito a 2022 injin A15 ne a cikinta, wanda ke cikin 13 Pro ta shekarar baya. Suna ne ya ƙaru da ɗaya.

Inda na ga maganar ta zama ta gaske shi ne afdet. In kamfani ya daina turo wa waya gyaran tsaro, to kuɗinka da sirrinka duk suna cikin ɗaki mara ƙofa, kuma a hankali manhajoji su fara guje mata, kamar yadda WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5 a Oktoban 2023. Google sun yi alkawarin shekara 7 da Pixel 8, Samsung ma suka bi da S24 a 2024. Wanda tasa ta daina samun afdet, wannan kam ba zan ce masa ya haƙura ba. Na shiga saitin na duba tawa, watan jiya ma an turo mata.

Jiya dai na kai aka canza batirin, mai gyaran ya miƙo min tsohon har ya ɗan kumbura a tsakiya. Na dawo na goge bidiyoyin guruf-guruf da ban taɓa buɗewa ba, giga 19 cif. Yanzu ƙarfe tara na dare cajina na kan 41, kuma eh, da shi nake sake kallon bidiyon buɗe kwalin nan.