Talata: farin zare uku da ban saya ba

Hazo ya sauka tun asuba, hannu har tsagewa yake. Shayi, kunu, yara makaranta. Wuta ta zo ta koma kafin in gama guga.

Da hantsi Goggo ta shigo, ta same ni ina lissafa wa Auta saƙon kasuwa: farin zare dunƙule uku, na shawul ɗin jaririn maƙwabta, tun da suna ya matso. Ba ta ce uffan ba sai da idonta ya kai kan bakko biyun nan da ke bayan ƙofa, ɗaya ma zif ɗinta ya ƙi rufuwa. Ta ce, "Ke 'yar nan, wai saƙa kike yi ko tara zare?" Na yi dariya na ce Goggo ai guntaye ne, farin nake so in haɗa su da shi su ƙare, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ta ce, "Bara ma haka kika ce." Ta kurɓi shayinta ta shiga zancen bikin gidan Yaya, kamar ba ita ta yi maganar ba.

Ni kuwa maganar ta tsaya mini a wuya. Na ce wa Auta ta dakata. Goggo na fita na shimfiɗa tsohon zanin gado, na zazzage bakkunan duka, na ɗauko sikelin kicin.

Kilo 3 da giram 400. Idan aka raba da giram 50, nauyin dunƙule ɗaya, dunƙule 68 ke nan. Sai da na sake aunawa, wai ko sikelin ne ya yi ƙarya.

Abin da ke sa zare ya taru ba wani abu ba ne, guntu ba shi da suna. Takardar jikinsa ta ɓata, ba ka san ko na roba ne ko auduga ba, ba ka san kaurinsa ba, ba ka san ko zai isa ba, sai ka ga ya fi sauƙi ka sayo sabo. Don haka aikin farko tantancewa ne, kuma ashana ce ke raba gardama. A yanko ɗan sili kamar tsawon yatsa, a riƙe da hantsaki a kan farantin ƙarfe, da ruwa a kusa, a kai masa wuta. Na roba, wato akirilik, narkewa yake yana ƙanƙancewa, ya bar baƙin ƙulli mai tauri da warin leda. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Ulu na gaske yana warin ƙonannen gashi, wutar ta mutu da kanta, abin da ya rage kuma ya murmushe a yatsa. Mu dai komai ulu muke ce masa a kasuwa, amma a cikin tulin nan dunƙule biyu kacal ne suka yi warin gashi. Auduga giram 600, sauran 2,700 duk roba.

Rabuwar nan ba ta ado ba ce. Auduga ta fi nauyi, tana shan ruwa, tana daɗewa ba ta bushe ba, wani lokaci ta ɗan tsuke a wankin farko. Roba ba ta yin haka. A haɗa su a shawul ɗaya, wanki biyu sai ka ga wani gida, wato ɗan falle mai kusurwa huɗu da ake saƙawa a harhaɗa ya zama shawul, ya ja wani ya saki. Kuma duk abin da zai taɓa zafi, kamar matashin tukunya ko abin sauke ta, auduga ake sa masa, roba narkewa za ta yi. Ko dutsen guga ba a ɗora mata kai tsaye.

Sai kauri. Na naɗa kowane zare a jikin fensir, sili kusa da sili, ba ja ba sakewa, na ƙirga naɗi nawa ne ya cika inci ɗaya. Wanda ya ba da 12 zuwa 14 na tara gefe guda, shi ne irin da na saba yi wa kwarashi mai milimita 4. Wanda ya ba da 9 ko 10 ya fi kauri, yana son 5 ko 5.5. Siraran da suka haura 18 kuma sai dai a haɗa sili biyu a saƙa su tare. Da ido kawai ba a ganewa, musamman baƙi da shuɗi mai duhu, kullum sai su yi kamar sun fi siranta.

Daga nan na saƙa gida ɗaya na gwaji. Sarƙa huɗu, wato madaukan zare da ake ja ɗaya ta cikin ɗaya, a haɗe ta zama zobe. Zagaye na farko dogaye uku-uku sau huɗu, sarƙa biyu a kowace kusurwa, sarƙa ukun tashi kuma ita ce doguwar farko. Doguwa dai ita ce wadda ake naɗa zare sau ɗaya a kwarashi, a zura a jawo, a fitar da biyu, a sake fitar da biyu. Zagaye na farko dogaye 12, na biyu 24, na uku 36, na huɗu 48. Jimla 120. A hannuna gidan ya fito santimita 10, nauyinsa giram 6. Shawul mai santimita 80 kowane gefe yana son gida takwas sau takwas, 64, wato giram 384 kafin zaren haɗa gidajen da na bakin shawul.

A nan ne na gane inda farin zare yake cinye ni kowace shekara. Zagayen ƙarshe kaɗai 48 ne cikin 120, biyu bisa biyar na gidan gaba ɗaya. Idan duk gidajen za a rufe su da launi ɗaya, wannan launin zai ci wajen giram 154, ga haɗi da baki wajen 70. Farin da nake da shi giram 90 ne. Shi ya sa na ce uku. Lissafina bai yi kuskure ba, amma ka duba abin dariya: don in rabu da guntaye giram 230 zan shigo da sabo 150, kuma na san sai wani abu ya ragu ya koma bakko. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Can ƙasan bakko ta biyu, cikin leda, ga ruwan toka giram 180, kaurinsa daidai. Na ma manta da shi. Shi zai yi zagaye na huɗu, farin 90 ya yi haɗi da baki, har da 'yar rara. Matsala ɗaya: da na fita da shi tsakar gida, kashi biyu ne, 100 da 80, ɗaya ya ɗan fi duhu. Rini daban-daban, lambar rinin da ke jikin takarda ke nan da ba ma dubawa. A ɗaki ba a gani, a rana kuwa ɓaro-ɓaro. Maganinsa kada a gauraya su a gida ɗaya. Gida 32 da mai duhu, 32 da mai haske, kowane kashi giram 77, a jera su ɗaya bayan ɗaya kamar gidan dara. Sai ya zama kamar da gangan aka yi. Mai 80 ɗin dai da ƙyar zai kai, ba wurin ɓarna.

Abin da ya faranta mini rai shi ne zagayen farko. Bai kai giram ɗaya ba, zare mita biyu ya ishe shi har da jela, wato silin da ke reto inda aka fara da inda aka yanke. Ashe 'yan ƙulle-ƙullen nan kamar goro da nake ta jinkirin zubarwa duk suna da wurin zama. Na biyu giram ɗaya da 'yan kai, na uku kusan biyu. Na zuba su a kwano uku bisa girmansu.

Murnar ba ta daɗe ba, na tuna jela. Launi huɗu a gida, jela takwas, sau 64, 512. Wa zai zauna? Na mai da shi launi uku, zagaye na biyu da na uku su zama ɗaya, ya sauko 384. Har yanzu da yawa. Dokar dai ita ce kowane gida a ɓoye jelarsa kafin a fara na gaba. A bar santimita 15, a zura a babbar allura mai dakusasshen baki, a bi ta cikin gindin dogayen nan gaba, a dawo baya ana tsaga silin, a sake yin gaba, sannan a yanke. Ƙulli kawai a yanke kusa ba ya riƙe roba, santsi gare ta, wanki uku ya kwance, gida ya buɗe daga tsakiya. Kayan jariri kuma ba a bar musu zare mai reto ko geza mai tsawo, yatsa yana shiga.

Akwai wata jar auduga a tulin, na jiƙa guntunta a ruwan ɗumi da farin ƙyalle don in ga ko za ta zuba. Ta zuba. Ita kaɗai za ta zauna, jakar hannu ko matashin tukunya.

Azahar. Shinkafa da wake, ba wanda ya yaba.

Abin da ya sauya mini yanayi yana cikin leda ta ƙarshe: rigar sanyin Auta, an gama baya da ɓari guda na gaba, hannu babu, kwarashin ma yana soke a jiki, wanda na yi ta nema har na sayi wani. Na kara ta a bayanta, ko kafaɗa ba ta rufe ba. Ta ce, "Mama ta wace ce?" Ban ba ta amsa ba. Na tuna ranar da na sayi zaren, na tuna launin ya burge ni a shago, amma ban tuna ranar da na ajiye ba. Sayen zare minti biyar ne, kuma a minti biyar ɗin nan kana ganin rigar a gama, a jikin yarinya, har da maɓalli. Saƙar ita ce mako uku. Yawancin abin da ke kan zanin nan daɗin minti biyar ɗin ne na saya. Goggo ba ta san giram ba, ba ta san lambar rini ba, kallo ɗaya ta yi wa zif.

Na warware rigar. Zaren da aka warware yana fitowa a lanƙwashe kamar taliyar yara, idan aka saƙa shi haka idon saƙar ba ya daidaita. Na naɗe shi a bayan kujera ya zama babban zobe, na ɗaure wuri huɗu sako-sako don kada ya harɗe, na tsoma a ruwa mai ɗan ɗumi minti 20, na matse a tawul ba murɗawa, na rataye a inuwa. Ba a rataya masa abu mai nauyi, yana miƙar da shi fiye da kima. Idan ya bushe a dunƙule shi a kan yatsu biyu, sako-sako. Dunƙulen da ya yi tauri kamar dutse ya riga ya ja zaren, sai an wanke kayan ya koma, awo ya lalace. Giram 210 ne, zai ba da hulunan jarirai da dama: dogaye 12 a zobe, ƙarin 12 kowane zagaye har faɗin ya kai santimita 10, daga nan ba ƙari har tsawon ya kai 12 ko 13.

Bayan la'asar na zauna na yi gida bakwai. Huɗun farko ina kallon waya, ukun ƙarshe na kife ta. Da na ɗora su kan juna, biyu daga na farkon sun tsuke zuwa santimita 9 da rabi, ɗaya kuma kusurwarsa dogaye biyu ce maimakon uku, sai da na warware zagaye guda. Na ƙarshen ukun daidai suke kamar an yanka da wuƙa. Hannu yana bin abin da ido ke kallo, in hankali ya tashi zare ya matse. Yanzu kowane gida na biyar zan auna, kuma ina ƙirga uku-ukun a baki, a hankali. Wuyan hannu ya fara magana wajen na shida, na ajiye na miƙe yatsu.

Sauran zaren ya koma leda mai zif, kowace da takarda: iri, naɗi nawa a inci, giram nawa. Ƙurar hunturu ba ta barin fari. Ulun gasken biyu na ware su daban saboda asu.

Gida bakwai a rana, saura 57, suna kuwa ranar Asabar. Ba zai kai ba. Hula da safa za su je ranar suna, shawul ya bi baya, kafin arba'in in Allah ya so.

Da daddare Goggo ta kira kan ankon bikin. Har za ta ajiye ta ce, "Auta ta samo miki farin?" Na ce ba ta je ba. Ta ce to, a gaida yara.

Mai shagon zare kuma ya turo hoton sababbin launuka, akwai wani ruwan zuma a ciki. Na buɗe sau biyu.